Tulun Iskar da Ya Kwantar da Baban Asiya

Wata goma sha ɗaya ke nan da aka ciro mijina daga ruwa bai san inda kansa yake ba. Ya warke, alhamdu lillahi, duk da cewa ba duk abin da ya tafi ne ya dawo ba. Shi ya ce in rubuta wannan, saboda mutanenmu biyu a masallaci sun fara tambayarsa yadda ake shiga sana'ar nutso, shi kuma in ya ɗauko labarin sai tsakiyarsa ta ɓace masa. Ni ce na ga tsakiyar da idona, don haka ni zan faɗa.

Sunansa Sama'ila, amma ni da duk Hausawan Greensboro, garin da muke zaune a Amurka, Baban Asiya muke ce masa. Ɗan Sarkawan Yawuri ne, gidan masunta, a bakin kogi aka haife shi, ya iya iyo tun kafin ya iya karatun Fatiha. Ni kuwa 'yar Funtuwa ce, ruwan da na sani bai wuce na rijiya da na famfo ba. Yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani babban sito, ni ina aiki a gidan kula da tsofaffi. 'Yarmu ɗaya ce, Asiya, tana jami'a a Raleigh.

A wurin aiki ya haɗu da Kotis, wani dattijo baƙar fata ɗan East Greensboro, tsohon sojan ruwa. Kotis yana da wata sana'a ta ranar Asabar: yana nutsewa cikin tafkunan filayen golf yana tsinto ƙwallayen da suka faɗa ciki, a wanke su a sake sayarwa. Da ya ji Baban Asiya ɗan kogi ne, sai ya tura shi ya yi kwas ya karɓi takardar nutso, suka zama abokan aiki. Ranar da ya fara dawowa daga tafki na ga wani haske a fuskarsa da rabona da gani tun muna gida. Ya ce, "Balaraba, shekara nawa ina ƙasar nan, yau ne kawai na ji jikina nawa ne."

Ga wanda bai sani ba, mai nutso yana goya tulun ƙarfe a bayansa, kamar silindar gas ɗin girki amma siriri. Mutane suna zaton oksijin ne a ciki. Ba shi ba ne, iska ce irin wadda muke shaƙa, an matsa ta da inji. Daga tulun akwai tiyo da ke zuwa baki. Duk abin da aka ɗura a tulun nan, shi mutum zai shaƙa, ba shi da wata taga da zai buɗe.

Shekara biyu yana hayar tulu a shagon kayan nutso. Sai ya ga wani na hannu a waya, na baƙin ƙarfe, da araha, ya je can bayan gari ya sayo. Da ya kai shago a cika masa, matar da ke wurin ta duba wuyan tulun ta girgiza kai. A wuyan kowane tulu akwai hatimi da aka buga a jikin ƙarfen, mai nuna watan da shekarar da aka gwada ƙarfinsa. Nasa ya wuce shekara biyar, kuma babu sitikar duba ciki ta shekara-shekara. Ta ce ba za ta cika ba sai an tura shi gwaji, sati biyu zuwa uku. Lokacin kuwa sanyi ya wuce, filayen golf sun cika, aiki ya yi yawa. Sai ya kira mutumin da ya sayar masa, shi kuma ya ce ai yana da injin cika iska a rumfar bayan gidansa, ya kawo kawai.

Sayen tulun na sani, amma sauran duk daga baya na ji. A lokacin bai gaya mini ba, bai gaya wa Kotis ba.

Asabar ta farko da ya yi amfani da tulun, ya dawo bayan la'asar ya ƙi cin tuwo. Ya ce kansa kamar an ɗaure da waya. Ya yi amai sau biyu. Na ɗauko ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini, wanda nake amfani da shi a wurin aiki, ya nuna lafiya lau. Babu zazzaɓi. Na ce rana ce ta buge shi, na ba shi farasitamol da ruwan sanyi. Ranar Lahadi ya tashi garau. Har yau ban manta ni ce na ce rana ce ba.

Asabar ta biyu ina shagon halal a kan Gate City Boulevard ina zaɓar kuɓewa, sai ga wayar Kotis. Bai taɓa kirana ba. Da Turanci ya ce, "Matar Sama'ila, ki saurare ni. Yana numfashi. Yana numfashi, kin ji? Motar asibiti ta ɗauke shi, ina bin su a baya."

Ban san inda na ajiye kwandon ba. Maƙwabciyata Hajiya Mariyama, mutuniyar Maraɗi, da muka zo shagon tare, ita ce ta kai ni asibiti.

Daga baya Kotis ya ba ni labari. Tafkin bai fi tsayin mutum biyu ba, kuma ƙasansa laka ce, ba ka ganin ko tafin hannunka. Da kumfar numfashi suke gane inda juna yake. Ya ɗago don ajiye buhun ƙwallaye sai ya ga kumfar Baban Asiya ta tsaya wuri ɗaya, kuma tana raguwa. Ya koma ƙasa ya lalubo shi yana kwance a kan laka, abin numfashin ya kusa fita daga bakinsa. Dattijo mai shekara sittin da 'yan kai, shi kaɗai ya jawo shi da tulun da komai zuwa gaɓa.

A imajensi na same shi a kan gado a cikin lungu, don ɗakuna sun cika. An sa masa abin oksijin a fuska. Idonsa biyu amma kamar yana kallon bayana. Nan ma abin yatsa ya nuna lafiya lau, wata nas har ta ce wataƙila ya shaƙi ruwa ne kawai ya firgita. Muka yi zaman jira fiye da awa biyu, Kotis yana tsaye da jiƙaƙƙen wando. Sai wata likita, yarinya ce da ba ta fi Asiya da yawa ba, ta zo ta yi tambayar da babu wanda ya yi.

"Iska ɗaya kuka shaƙa ku biyun?"

Kotis ya ce a'a, kowa da tulunsa.

"A ina aka cika nasa?"

Na ce a shago, inda ya saba. Kotis ya ce shi bai ga sitikar shago a jikin tulun ba. Sai Baban Asiya ya ɗaga hannu ya janye abin fuskar. Da Hausa ya yi magana, kuma ni ya kalla.

"Ba a shago na cika ba."

Nan take aka ɗebi jininsa, aka kira 'yan kwana-kwana su gwada tulun da ke bayan motar Kotis. Likitar ta dawo ta faɗi kalmar da ta zauna mini a kai har yau: kabon monoksaid. Ta fara yi mini bayani, na ce na sani. Duk wanda ya tashi a Najeriya ya taɓa jin labarin iyalin da suka shigar da janareto cikin gida aka wayi gari babu su. Gubar nan ce. Ba ta da wari, ba ta da launi. Ta ce abin yatsa ba ya iya bambance ta da iska mai kyau, shi ya sa ya ruɗe ni ya kuma ruɗi nas ɗin. Kuma a ƙarƙashin ruwa, saboda nauyin ruwan, kowane numfashi yana shigar da guba fiye da yadda zai shigar a waje.

Kotis ya bi 'yan kwana-kwana zuwa gidan mai injin. Injin na fetur ne, tiyon da ke zuƙo iska ya faɗo daga ƙusar da aka rataye shi yana kwance kusa da salansa. Kotis ya ce mutumin ba mugu ba ne, da ya gane abin da ya faru sai ya zauna a ƙasa, sannan ya ɗauki waya yana kiran duk wanda ya taɓa cika wa. Na daɗe ina jin haushinsa. Yanzu na bar shi da Allah, shi ma da irin iskar yake nutsewa.

A ranar aka wuce da shi wani babban asibiti a Durham, inda suke da ɗakin ƙarfe da ake rufe mutum a ciki a ƙara matsin iska a ba shi tsantsar oksijin, don a kori gubar daga jini. Cemba ma'aikatan ke ce masa. Sau uku aka shigar da shi. Ba a shiga da waya, ba turare, ba man shafawa, sai rigar auduga da suka ba shi. Akwai wata 'yar taga zagayayya kamar faranti, a nan nake tsayawa. A shiga ta uku ya hango ni ya ɗaga mini yatsu biyu kamar ɗan siyasa. Na yi dariya ina hawaye.

Hajiya Mariyama ce ta yi ta jigila da ni, don ni tsoron babban titi nake. Kullum da kwanon dambu ko fulas ɗin kunu. In na ce ba na jin yunwa sai ta ce, "Bon, ke ma so kike lokotoro ya ba ki gado? Ci, 'yar'uwa." Allah ya saka mata da alheri.

Ranar sallama likitan can ya zaunar da ni ya ce in sa masa ido na tsawon wata ɗaya ko fiye, domin wani lokaci mutum yakan warke sarai, sannan abin ya dawo ta kai: mantuwa, canjin hali, canjin tafiya. Na ce to. Na ji da kunne, amma zuciyata tana can wurin mutumin da ke ɗaure takalminsa da kansa yana tsokanar nas.

Sati na biyu gida ya cika da 'yan dubiya. Yana zaune a falo yana ba da labari, ana dariya. Ni kuma akwai magana a bakina da na riƙe. Wata rana da hantsi, babu kowa, na ajiye masa shayi na ce, "Baban Asiya, me ya sa ka ɓoye mini?"

Ya juya kofin a hannunsa ya daɗe.

"Kunya na ji. Na zo miki da tulu ina ta yabon arahar da na samu, sai kuma in dawo in ce shago sun ƙi shi? Na ce sau biyu kawai, sai in kai gwajin."

Na ce, "Da ka mutu fa, kunyar wa za ka ji?"

Ya kamo gefen mayafina ya riƙe. Ban sake tayar da maganar ba.

Sati na uku ya koma aiki. Ranar Alhamis da yamma ya kira ni. Muryarsa a hankali, kamar mai tsoron kada wani ya ji.

"Balaraba, ina gaban wani wurin sayar da motoci. Ta ina ake juyawa zuwa gida?"

A kan Gate City Boulevard yake, titin da muka yi shekara tara muna bi safe da yamma. Na ce kada ya motsa, ya karanta mini abin da ke rubuce a allon da ke gabansa. Da na isa na same shi ya kashe mota, hannu biyu a kan sitiyari, kamar ɗan makaranta da aka ce ya jira.

Daga ranar abin ya yi ta gangarowa. Ya zuba sukari a shayi, ya sake zubawa, ya sake. Ya buɗe firiji ya tsaya. Tafiyarsa ta koma ƙananan taku, yana jan ƙafa. Mutumin da ba ya iya zama minti biyar bai yi barkwanci ba ya koma sai ya wuni yana kallon bango. Sannan Turancinsa ya fara zubewa. Da Asiya ta zo ƙarshen mako tana yi masa magana da Turanci kamar yadda ta saba, sai ya juyo gare ni ya ce, "Me take cewa?" Yarinyar ta shige banɗaki ta daɗe. Da ta fito sai ta zauna kusa da shi tana haɗa 'yar gurguwar Hausarta: "Baba, ka ci abinci? Baba, ni ce." Ya ce, "Na san ke ce mana." Wannan kam bai taɓa mantawa ba, na gode wa Allah.

A nan zan yi ƙorafi. Da na kira don ganin likitan ƙwaƙwalwa aka ce babu wuri sai bayan sati biyar. Na ce mutum yana narkewa a gabana, aka ce in ya tsananta in kai shi imajensi. Na kai shi, muka wuni, aka ɗauki hoton kai, aka ce mu je mu ga likitan ƙwaƙwalwa. Wata abokiyar aikina ce ta koya mini dabara: in riƙa kira kullum da ƙarfe takwas na safe in tambaya ko wani ya fasa zuwa. Kwana goma sha biyu ina kira, har matar da ke ɗaukar wayar ta haddace muryata. A rana ta sha uku ita ce ta kira ni da kanta. Ban san fuskarta ba, amma tana cikin addu'ata.

Tun da Turanci ya gudu, sai aka haɗa mu da tafinta ta waya, don ba a yarda iyali su fassara gwajin ba. Aka samu wani ɗan Gana, Hausar zango. Shi yana nasa, Baban Asiya yana Hausar Yawuri, rabin lokacin suka ɓata suna "Ka ce me?" Likitan ya faɗi abubuwa uku ya ce ya riƙe, bayan minti biyar ya tambaye shi, ɗaya kawai ya kawo. Sannan ya ba shi takarda ya ce ya zana agogo. Ya zana da'ira mai kyau, sai ya tara lambobin duka a gefe ɗaya. Na sha ganin irin wannan agogon a wurin aikina, a hannun tsofaffi 'yan shekara tamanin. Mijina shekararsa arba'in da tara.

Likitan ya ce, "Ba zan yi miki alkawari ba. Da yawa suna dawowa a hankali cikin shekara guda. Wasu suna dawowa da saura. Babu wata ƙwaya da zan ba shi ta gyara wannan. Lokaci ne, da motsa jiki, da motsa kai, da ke."

Shawarar 'yan'uwa kuwa ta zo ta ko'ina. Yayansa, Yaya Garba, ya kira daga Yawuri ya ce shi ya san abin da ya faru. A gidansu ba a shiga baƙon ruwa sai an nemi izinin masu ruwan, Sama'ila ya je ƙasar wasu yana faɗawa kowane tafki kamar na ubansa. Ya ce zai aiko da saiwoyi a rufe shi da bargo a yi masa hayaƙi safe da yamma.

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Duk addu'ar da ka ce in karanta zan karanta. Amma hayaƙi ne ya kwantar da ƙanenka, ba zan ƙara masa wani ba."

Sai na ji yana jan hanci. Ya ce, "Ni na koya masa kurme, Balaraba. Ni na fara danna kansa cikin ruwa." Daga ranar kullum bayan sallar asubarmu sai ya kira, in sa wayar a kunnen ƙanensa, ya yi ta lissafa masa sunayen kifaye da na mashigai da na mutanen unguwarsu. Wani lokaci Baban Asiya yakan amsa, wani lokaci a'a. Yaya Garba bai fasa ko rana ɗaya ba.

Wasu sun ce in mayar da shi gida. Limaminmu ya zo sau da yawa ya yi masa addu'a, ya kawo zamzam, kuma shi ne ya ce kada in kuskura in fasa zuwa asibiti. Akwai kuma wadda ta ce a wurin suna, a inda zan ji, wai kwaɗayin ƙwallon Turawa ne ya jawo. Na yafe mata, amma na rubuta don a san irin wannan magana tana ciwo.

Na rage kwanakin aikina zuwa uku. Na manna takardu da Hausa a jikin ƙofofi da durowoyi. Sallah ce ta fi damunsa, don yakan manta raka'a ta nawa yake, ya tsaya cak. Sai na riƙa yin tawa da wuri in zauna gefensa, in ya ɗago daga sujada in ce a hankali, "Biyu. Zauna." Wanka kuwa, ruwan shawa in ya taɓa fuskarsa sai ya firgita ya manne da bango. Ɗan Sarkawa. Na sayo bokiti da moɗa, ina zuba masa daga kafaɗa zuwa ƙasa, fuskar kuma in goge da tawul. Wata rana ina goge masa ya ce, "Ke haka kike yi wa tsofaffin can?" Na ce, "A'a, su ba na sa musu turare." Gefen bakinsa ya ɗan motsa. A lokacin wannan ma babban abu ne.

Sau biyu a mako muna zuwa wurin masu koyar da tafiya da masu motsa ƙwaƙwalwa. Kowace Laraba kuma Kotis yakan zo ya ɗauke shi su zaga wani lambu. Babu yaren da ya haɗa su a lokacin. Kotis ya koyi kalmomi biyu, "sannu" da "mu je", da su ya yi jinyar abokinsa wata uku. Ya taɓa ce mini laifinsa ne da bai duba tulun ba tun ranar farko. Na ce in ana rabon laifi ni ma ina da kaso, amma shi kaɗai ne a cikinmu ya shiga laka ya ɗauko shi.

A cikin wata na uku Hajiya Mariyama ta kawo mana tarwaɗa ɗanya manya guda biyu. Ina kicin ina fama da santsinsu, wuƙa tana zamewa. Ban ji shigowarsa ba, sai murya a bayana.

"Ba haka ake yi ba. Za ki fasa ɗacin."

Ya karɓi wuƙar. Na so in hana, na fasa. Ya watsa gishiri, ya murje santsin, ya tsaga cikin da yanka ɗaya, ya zare kayan cikin bai fasa komai ba. Da ya gama ya dube ni ya ce, "Mutanen Funtuwa dai, sai dawa." Na zauna a kan kujerar kicin na rufe fuska da zani. Ya ɗauka yanke ni ya yi.

Ba a ranar ya warke ba, amma daga nan aka fara hawa. Turanci ya dawo kaɗan-kaɗan, na wurin aiki ya riga na hira. A wata na biyar ya koma sito, aka ba shi aikin duba kaya maimakon tuƙi. Har yanzu sunayen sababbin mutane ba sa zama masa, hayaniya tana sa masa ciwon kai, kuma yana yawo da ɗan littafi a aljihu.

Ga abin da muke so duk mai sha'awar sana'ar nan ya ji. In za ka sayi tulu na hannu, ka tafi da shi shago a duba kafin ka biya, ka karanta hatimin wuyansa da kanka. In mai shago ya ƙi cika maka, ba wulaƙanci ba ne, ka jira gwajin. Kada ka cika a inda ba za su iya nuna maka takardar gwajin iskarsu ba, ko da ɗan'uwanka ne mai injin. In ka ji warin mai ko na hayaƙi a iskar, kada ka shiga ruwa, amma rashin wari ba shaida ba ce. Akwai 'yar na'ura kamar waya da ke auna gubar, ka mallake shi. In ka fito daga ruwa da ciwon kai da amai, ka tafi asibiti da tulun a mota, ka faɗi gaskiyar inda ka cika. Ku kuma matan gida, in an sallamo mutum yana dariya, kada ku sauke ido da wuri.

A wata na tara ya ce yana son komawa ruwa. Na yi kwana biyu ba na yi masa magana sai ta dole. Likita ya ce tafki da laka babu su tukuna, amma wurin iyo na cikin gini, inda ruwa bai wuce ƙirji ba, tare da malami, ba zai hana ba. Na ce na yarda da sharaɗi ɗaya: duk abin da ya shafi tulu ya dawo hannuna. Tare muka je shago. Na sa aka koya mini karanta hatimi, na zaɓi sabo na alminiyom, na ga takardar gwajin iskarsu a bango na karanta ta har ƙasa, na sayi na'urar awon.

Ranar Asabar da safe muka je wurin iyon, Kotis yana cikin ruwa yana jira. Na durƙusa da doguwar rigata a kan jiƙaƙƙen siminti, na buɗe tulun kaɗan, na kara na'urar. Sifili. Na sake, sifili. Baban Asiya ya miƙo hannu zai karɓi abin numfashin, sai na ga na kai shi bakina. Na san harshena ba zai gane guba ba, likita ta gaya mini tun ranar farko. Duk da haka na ja. Iskar ta shigo da sanyi, busasshiya, da ƙara kamar ta mai minshari. Na ja sau uku, na cire, na goge da bakin mayafina na ba shi.

Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Yaya kika ji ta?"

Na ce, "Babu daɗi. Shiga, ina nan zaune."